JAN MAGANI DA GADON ZUCIYA

Wanda ya bar birnin Sakkwato ya miƙe kudu bisa babbar hanyar da ta nufi Tambuwal da Jega, ba zai yi nisa ba sai ya iske Bodinga da Sifawa, garuruwa biyu da ke daura da juna, in ya ƙara gaba kuma ya shiga Shagari. Sifawa ita ce inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna bayan ya taso daga Gwandu, kafin ya koma Sakkwato cikin shekarar 1815. Ƙanensa Malam Abdullahi kuwa a Bodinga ya yi zamansa cikin waɗannan shekaru, yana karantarwa yana wallafa. Shagari ta yi suna daga baya, domin a nan aka haifi Alhaji Shehu Shagari cikin 1925, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983.

Malaman jihadi ba su tsaya ga fiƙihu da sha'anin mulki kaɗai ba, sun taɓa ilmin magani. Malam Abdullahi yana da littafi mai suna Masalih al-Insan, wanda ya haɗa zancen gyaran addini da na lafiyar jiki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya fi kowa zurfi cikin wannan fanni, ya rubuta a kan basir da ciwon ido da waɗansu cututtuka, har sa'ad da Baturen nan Clapperton ya zo Sakkwato cikin 1824, ɗaya daga cikin abubuwan da Bello ya nema daga Sarkin Ingila shi ne a aiko masa da likita. A cikin ilmin ɗibbu da waɗannan malamai suka gada daga Larabawa akwai wata ƙa'ida babba, watau cewa jikin mutane ba ɗaya ba ne. Wani zafi ya rinjaye shi, wani sanyi, wani danshi, wani bushewa, saboda haka maganin da ya tashi wannan daga kwance yana iya kwantar da wancan. Bayanin da suka ba da na zafi da sanyi bai tsaya ba da aka gwada shi da awo, amma abin da idonsu ya gani gaskiya ne. Sai da aka yi shekara fiye da 100 kafin likitocin zamani su fara gane inda bambancin ya ke ɓoye.

Farkon abin da ya buɗe musu ido maganin zazzaɓin cizon sauro ne mai suna firimakwin. An lura cewa waɗansu baƙaƙen Amurka in sun sha shi sai jininsu ya narke, fitsarinsu ya yi duhu, alhali abokansu da suka sha daidai da su ba abin da ya same su. Cikin 1956 wani likita mai suna Carson da abokan aikinsa a birnin Chicago suka gano cewa mutanen nan an haife su ne da ƙarancin wani sinadari cikin jajayen ƙwayoyin jininsu, wanda a ke kira G6PD. Gado ne, kuma yana da yawa ƙwarai a Afirka ta Yamma, har wani masani ɗan Italiya, Lucio Luzzatto, ya yi shekara goma a Ibadan yana bincikensa. Tun daga nan aka tabbata cewa illar magani tana iya bin jini kamar yadda tsawo da hasken fata ke bi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wannan labari kuwa na wani magani ne da ya fi firimakwin ƙarfi nesa, wanda a ke ɗura wa masu ciwon daji, da abin da ya ke yi wa zuciyar waɗansu daga cikinsu.

Ƙasar da aka ɗebo a Italiya

A kudancin Italiya, cikin lardin Apuliya, akwai wata tsohuwar ganuwa mai kusurwa 8 da a ke kira Castel del Monte, wadda Sarki Frederick na Biyu ya gina cikin ƙarni na 13. Wajen ƙarshen shekarun 1950 ma'aikatan wani kamfanin magunguna na birnin Milan, Farmitalia, suna yawon ɗibar ƙasa daga wurare dabam dabam, suna neman ƙananan halittun nan da ido ba ya gani, ko a dace da wadda ke fid da abin da zai kashe cuta. A cikin ƙasar da suka ɗebo kusa da ganuwar nan suka sami wata irin bakteriya mai fid da ruwa ja jawur. Da aka gwada ruwan ga ɓeraye masu ciwon daji, sai ƙarin da ke jikinsu ya motse. A daidai wannan lokaci masanan kamfanin Rhône-Poulenc na Faransa su ma suka ci karo da wannan sinadari ta tasu hanya. Daga baya aka haɗa suna ɗaya, daunorubisin: rabin farko daga Dauni, wata tsohuwar kabila ta Apuliya, rabin ƙarshe daga sunan jan yaƙutu da Faransanci.

Aka fara ba yara masu sankarar jini, aka ga abin mamaki, ciwon da a da ba ya jin kira sai ga shi yana ja da baya. Amma murna ba ta daɗe ba. Cikin 1967 wata likita a birnin New York, Charlotte Tan, ta ba da labarin cewa waɗansu daga cikin yaran nan, bayan ciwon ya lafa, sai numfashi ya gagare su, zuciyarsu ta kasa. Masanan Milan ba su fasa ba. Federico Arcamone da mutanensa suka sauya halittar bakteriyar da gangan, suka sami wani iri mai fid da ɗan'uwan maganin farko wanda ya fi shi faɗin aiki. Wannan shi ne doksorubisin, wanda aka bayyana cikin 1969, aka sa masa sunan kasuwa Adriamycin saboda tekun Adriyatik. Amurka ta yarda a yi aiki da shi cikin 1974. Tun daga ran nan har yau yana cikin manyan makaman likita a kan sankarar mama, da ta ƙululun wuya da hammata, da ta ƙashi, da ƙarin ƙoda na yara. Ta jijiya a ke ɗura shi, yana zub da gashi, yana mai da fitsari ja kwana ɗaya ko biyu, har marasa lafiya a ƙasashen Turawa suka yi masa laƙabi da jan shaiɗan. Mutumin Bodinga ko Shagari da aka tura Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato saboda irin waɗannan cututtuka, sau da yawa shi ne jan ruwan da zai gani yana ɗiga cikin robar ƙarin ruwa.

Yadda ya ke kashe ciwon daji kuwa, sai a kwatanta da aikin masaƙi. A cikin ko wace ƙwayar jiki akwai wani zare mai tsawo ƙwarai, a murɗe a dunƙule, wanda ke ɗauke da rubutun halittar mutum duka. In ƙwayar za ta rabu biyu, tilas a warware zaren a kwafe shi. Akwai wani sinadari da aikinsa ke nan: in zaren ya sarƙe sai ya yanke shi, ya zare sarƙar, ya sāke ƙullawa. Doksorubisin yakan bari sai ya yanke, sa'an nan ya riƙe masa hannu ya hana shi ƙullawa. Ƙwayar ciwon daji, da ya ke ba ta da aiki sai rabuwa dare da rana, nan da nan zarenta ya ke gutsuttsurewa ta mutu.

To, abin da ya ɗaure wa likitoci kai shekara da shekaru shi ne, naman zuciya ba ya rabuwa haka. Galibin ƙwayoyin da mutum ya girma da su, da su zai tsufa. Me ya kai maganin can? Da fari an ɗora laifin ga ƙarfen da ke cikin jiki, domin maganin yana haɗuwa da shi ya haifar da wani irin tsatsa mai ƙona ƙwayar daga ciki, kuma akwai gaskiya a nan. Amma cikin 2012 Edward Yeh da almajiransa a Houston suka nuna cewa zuciya tana da nata irin mai warware zaren, wanda a ke kira TOP2B, kuma ɓerayen da aka cire wa shi daga zuciya sun sha maganin ba su ji kome ba. Ashe ƙofa ɗaya ce ya ke bi ya shiga gidan abokin gaba da gidan mai gida. Bambancin kawai, bargo da gashi suna tsirowa bayan an gama, amma ƙwayar zuciya in ta mutu ba ta da magaji, sai tabo.

Awon da bai isa ba

Likitoci suna auna wannan magani ne da faɗin fatar mutum, watau miligiram kaza ga ko wace murabba'in mita, kuma babban mutum madaidaici yana da kamar mita 1.7. Cikin 1973 Lefrak ya duba marasa lafiya 399, ya ga cewa waɗanda jimlar abin da aka ɗura musu ta haura 550, kusan kashi 30 cikin 100 zuciyarsu ta kasa, waɗanda ba su kai nan ba kuwa da ƙyar a sami ɗaya. Cikin 1979 Von Hoff ya bi takardun mutum wajen 4,000 ya ƙarfafa wannan zance. Sai aka ja layi a 550, aka ce kada a tsallake. Likita ya riƙa lissafi kamar mai bin bashi, domin illar ba ta gushewa, abin da aka ɗura bana yana hawa kan na bara.

Layin nan ya ceci rayuka da yawa, amma bai zauna daram ba. Cikin 1991 Steven Lipshultz ya auna zuciyar yara 115 da suka warke daga sankarar jini shekaru da dama da suka wuce, ya iske fiye da rabinsu da wata alamar rauni, ko da ya ke da yawa ba su san da ita ba. Cikin 2003 Sandra Swain ta sāke lissafi da mutum 630, ta sami kashi 5 cikin 100 a awon 400, kashi 26 a 550, kashi 48 a 700. Wannan ya fi abin da a ke zato. Aka kuma gane cewa ƙananan yara da tsofaffi sun fi shiga haɗari, haka 'yan mata, da mai hawan jini, da wanda aka gasa wa ƙirjin hagu da hasken kashe daji. Da wani sabon magani na sankarar mama ya fito cikin 1998, mai suna Herceptin, sai aka ga in an gama shi da jan maganin a lokaci guda, mata 27 cikin 100 zuciyarsu na raunana, saboda haka aka koma ba da su ɗaya bayan ɗaya.

Duk da haka akwai abin da lissafin bai kama ba. Ga mace an ɗura mata 60 sau 4, jimla 240, nesa da layi, bayan wata shida ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya kwanciya sai a jingine. Ga wata kuma an ninka mata wannan, ta rayu shekara 20 tana daka da surfe. Cikin 1997 Krischer ya duba yara 6,493 a Amurka, ya ga baƙaƙe sun fi farare kamuwa da fiye da rabi. Ko jini ne, ko talauci ne da rashin kyakkyawar kulawa, lissafinsa bai iya rabewa ba. Amma zato ya fara karkata ga gado.

Ciwon zuciyar masu jego

A nan ne labarin ya biyo ta ƙasar Hausa, ta hanyar da ba wanda ya zata. Akwai wani ciwo da ungozomai suka daɗe da sani. Mace ta haihu lafiya, an yi suna, kafin ta yi arba'in ko jim kaɗan bayan nan sai haki ya kama ta, tari ya hana ta barci, ƙafa da ciki su kumbura. A Amurka wannan yakan sami mace ɗaya cikin dubu biyu ko uku, a Japan ya fi haka ƙaranci nesa. Amma da Eldryd Parry ya zo Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya cikin 1969, sai ya tarar da ɗakin mata cike da su. Shi da Neil Davidson suka bi mata 224, suka wallafa sakamakon cikin 1978. Sun lura cewa kusan duka Hausawa ne da Filani, kuma ciwon ya fi yawa lokacin da zafi ya haɗu da danshin damina.

Suka ɗora laifin ga al'adar jego. Don tsoron sanyi, maijego takan yi wanka da tafasasshen ruwa da ganye safe da yamma har kwana 40, wata ma fiye, ta kwanta bisa gadon ƙasa da aka hura wuta ƙarƙashinsa, ta sha kunun kanwa don nono ya kawo. Kanwa kuwa cike ta ke da irin sinadarin da ke cikin gishiri, mai tara ruwa a jiki. Zafi ya buɗe jijiyoyi, kanwa ta cika su, zuciyar da ta riga ta gaji da ɗaukar ciki wata tara sai kaya ya fi ƙarfinta. Cikin 1979 Sanderson ya haska zuciyar waɗansu daga cikinsu da na'urar amo, ya ga da yawa naman zuciyarsu na matsawa da ƙarfinsa, ruwa ne kawai ya yi musu yawa. Bayani ne mai kyau, ya shiga littattafan likitoci na duniya, har ɗalibi a London ko Delhi in an ce Zariya abin da zai fara tunawa ke nan.

Amma fa bai ƙare nan ba. Cikin 2007 Simeon Isezuo da abokin aikinsa Abubakar suka ba da labarin mata 65 da aka kwantar a asibitin koyarwa na Sakkwato, suka lissafa cewa ciwon yana samun mace ɗaya cikin haihuwa 102, watau yana cikin mafi yawa da aka taɓa gani a duniya. A Kano, Farfesa Kamilu Musa Karaye ya auna jinin mata 39 masu ciwon da 50 masu lafiya cikin 2015, ya iske kashi 77 cikin 100 na masu ciwon suna da matsanancin ƙarancin wani sinadarin abinci mai suna seleniyam, alhali cikin masu lafiya kashi 22 ne. Sa'an nan ya jagoranci wani babban ƙidaya na mata 406 daga asibitoci 22 na Nijeriya, wanda ya fito cikin 2020. A nan aka ga wankan jego da kunun kanwa ba su rarrabe masu ciwon da marasa shi ba. Abin da ya rarrabe su shi ne rama, da rashin karatu, da rashin sana'a, da hawan jini na masu ciki. Tsofaffin mata da aka yi shekara 40 ana zargi, ashe ba su kaɗai ne da laifi ba, ko da ya ke wannan bai wanke tafasasshen ruwa daga ƙunar da ya ke yi wa fata ba.

Tambayar da ta rage ita ce irin wadda ta rage ga jan magani. Mata dubu suka yi jego iri ɗaya, suka ci abinci iri ɗaya, don me goma suka faɗi?

Tsirkiyar da ta guntule

A cikin ko wace ƙwayar naman zuciya akwai wani furotin dogo, wanda babu mai girmansa a jikin ɗan Adam. Wani masani ɗan Japan, Koscak Maruyama, shi ya fara gano shi cikin 1976, daga baya Kuan Wang ya raɗa masa suna taitin cikin 1979. Aikinsa kamar na tsirkiyar baka ne: in jini ya cika zuciya ta buɗe, shi ke miƙewa ya riƙe, sa'an nan ya komo da ita. Zuciya kuwa tana bugawa wajen sau 100,000 ko wace rana. Ƙwayar gadon da ke ɗauke da rubutunsa sunanta TTN, kuma saboda tsawonta masana sun daɗe ba su iya karance ta ba sai da na'urori suka yi sauri. Ko wane mutum yana da kwafi biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Wani lokaci a ɗaya daga cikinsu akan sami kuskure wanda ke tsai da rubutun tun bai kai ƙarshe ba, sai tsirkiyar ta fito guntuwa.

Cikin 2012 masanan Harvard, a ɗakin binciken Christine da Jonathan Seidman, suka nuna cewa wannan guntulewa ita ce sanadin kashi ɗaya bisa huɗu na ciwon buɗewar zuciya da ke bin dangi. Tun kafin nan likitocin birnin Groningen na ƙasar Holan sun lura da wani abu cikin irin waɗannan gidaje: a gida guda sai a sami uba mai buɗaɗɗiyar zuciya, da 'ya wadda tata ta kasa bayan haihuwa, a wani gidan kuma a sami wanda tasa ta kasa bayan an ɗura masa jan magani. Cikin 2016 James Ware da Zoltan Arany da abokansu suka karanta ƙwayoyin gadon mata 172 masu ciwon zuciyar jego daga Amurka da Jamus da Japan, suka sami irin wannan kuskure ga kashi 15 cikin 100, biyu bisa uku nasu a cikin TTN. Cikin 2019 kuma Pablo Garcia-Pavia ɗan ƙasar Sifen da abokansa suka yi haka ga mutum 213 da maganin ciwon daji ya raunana wa zuciya, manya da yara, suka sami guntuwar tsirkiya ga kashi 7.5 cikin 100, alhali cikin sauran jama'a wajen kashi 1 ne. Waɗanda ke da ita sun fi sauran shan wuya, kuma zuciyarsu ta fi wuyar farfaɗowa. An sami kusan haka ga waɗanda giya ta kashe wa zuciya.

Ma'anar wannan a fili ta ke. Mutum yana iya ɗauke da guntuwar tsirkiya ya yi noma, ya yi kiwo, ya tsufa, bai taɓa sanin yana da ita ba, kuma galibin masu ita haka su ke ƙarewa. Sai ran da wani nauyi na dabam ya hau kan zuciyar, ko ciki, ko jan magani, sa'an nan ta tsinke. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Cututtukan da a da a ke gani kamar ba abin da ya gama su, na maijego a Sakkwato da na mai sankara a Madrid, ga waɗansu mutane tushensu ɗaya ne.

Ba taitin kaɗai ba ne. Cikin 2012 Smita Bhatia da Javier Blanco suka nuna cewa yara masu wani iri na CBR3, ƙwayar gadon da ke juya maganin zuwa wani abu mai taruwa cikin zuciya, suna cutuwa ko da an ba su kaɗan. A Kanada aka sami wani iri na SLC28A3 wanda shi kuwa kāriya ya ke yi. Cikin 2015 Folefac Aminkeng da abokan aikinsa a Vancouver suka gano wani iri na RARG mai ninka haɗarin kusan sau 5, kuma dalilinsa ya dace da binciken Yeh, domin aikin RARG shi ne danne TOP2B, in ya yi rauni sai ƙofar ta buɗe. Mafi ban mamaki shi ne abin da Paul Burridge ya yi cikin 2016. Ya ɗebi ɗan guntun fata daga matan da aka yi wa maganin sankarar mama, ya juya ƙwayoyin fatar suka zama naman zuciya mai bugawa cikin faranti, ya zuba musu maganin. Na matan da zuciyarsu ta kasa suka fi saurin lalacewa cikin farantin, na waɗanda suka tsira kuwa suka jure.

Rabon Bodinga da Shagari

Kusan dukan binciken nan a Turai da Amurka aka yi shi, kuma galibi da jinin Turawa. Wani lissafi da aka yi cikin 2016 ya nuna cewa daga cikin mutanen da aka ɗebi jininsu don irin wannan bincike a duniya, kashi 81 cikin 100 asalinsu Turai, kashi 3 kacal asalinsu Afirka. Afirka kuwa ta fi ko wace nahiya yawan bambancin gado. Da ƙungiyar H3Africa ta karanta rubutun halittar mutum 426 daga kabilu 50 cikin 2020, ta sami bambance-bambance fiye da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa ba. Ko maƙwabta ba su zama ɗaya ba: tun 1996 aka nuna a Burkina Faso cewa Filani sun fi Mosi da ke zaune gari ɗaya da su jure wa zazzaɓin cizon sauro. Saboda haka gwajin da aka yanka bisa awon yaran Kanada ba lalle ne ya zauna daidai ga jikin yaron Shagari ba. Ko a Turai ma, ƙa'idodin da ƙungiyar likitocin zuciya ta fitar cikin 2022 ba su umurci a yi wa kowa gwajin gado kafin a fara magani ba.

Abin da suka umurta yana hannun ko wane likita. A tambayi mara lafiya ko ya taɓa ciwon zuciya, a auna jininsa, a haska zuciyarsa da na'urar amo kafin ɗigon farko, a sāke bayan an gama. Macen da ta taɓa kumburin jego, ko da ta warke sarai, tana cikin waɗanda a ke sa wa ido ƙwarai, haka wadda aka taɓa ɗura wa jan magani tana yarinya in ta sami ciki. A ƙasar da mace ɗaya cikin ɗari ke gamuwa da wannan ciwo, wannan tambaya ta fi nauyi fiye da yadda ta ke a London. Mutanen wannan yanki kuwa, da ya ke suna riƙe da nasaba, tsohuwa guda tana iya lissafa wace ce cikin dangi ta kumbura bayan haihuwa, wane ne ya faɗi yana saurayi ba tare da jinya ba. Kunya ce kawai ke hana a faɗa, musamman in zancen ya shafi haihuwa kuma likitan namiji ne.

Akwai kuskure biyu da ke jiran mai jin wannan labari rabi da rabi. Na fari shi ne a jingina abin ga auren zumunci, a kwatanta shi da sikila. Ba haka ba ne. Sikila sai an gado ta wajen uwa da uba duka, guntuwar taitin kuwa kwafi ɗaya ya isa, ko wane ɗa yana da rabi da rabi na samunta ko da iyayensa bare ne ga juna, kuma samunta ba ciwo ba ne. Bai kamata a guji auren 'yar wani gida saboda wannan ba. Na biyu ya fi muni, watau a ji tsoron maganin a koma gida. Abin da ya fi cinye masu sankarar mama a Nijeriya shi ne zuwa asibiti a makare, bayan an gama zagaya masu tsiro da masu sakiya, ƙari ya fashe. Cikin 2015 Daniela Cardinale ta bi mutum 2,625 a Milan, garin da maganin ya fito, ta ga kashi 9 cikin 100 ne zuciyarsu ta raunana. Kusan duka cikin shekarar farko abin ya bayyana, kuma da aka yi hanzarin ba su magungunan zuciya na yau da kullum, irin waɗanda masu hawan jini ke sha, kashi 82 cikin 100 nasu sun farfaɗo, waɗansu sarai, waɗansu da saura.

Ga wanda haɗarinsa ya yi yawa kuma, akwai dabaru. Ana iya rage awon, ko a ɗura shi sannu sannu cikin awoyi masu yawa, ko a ba da irin wanda aka naɗe cikin ƙananan ƙwayoyin kitse don kada ya zauna a zuciya, ko a sauya shi da wani in ciwon ya yarda. Akwai kuma deksarazoksen, wanda Amurka ta yarda da shi tun 1995, a kan ɗura shi jim kaɗan kafin jan maganin. An ƙirƙiro amfaninsa ne bisa zaton yana kama ƙarfe, sai daga baya aka gane cewa yana kuma tsare TOP2B. Yana da tsada, kuma a Nijeriya galibi mara lafiya da danginsa su ke biyan kuɗin magani da na hoton zuciya daga aljihunsu, bayan kuɗin motar zuwa Sakkwato ko wane mako uku.